Filin Gwaggo Asabe: Makullin Mota a Hannun Yaro

Wasiƙun wannan makon daga gabashin Kano suka fito, daga Gaya da Ajingi, kuma duk a kan magana ɗaya suke, wato yara da tuƙi. Na zaɓi guda huɗu. Kamar yadda muka saba, na cire sunayen masu su.

Za a ƙara masa shekaru a yi masa lasisi

Assalamu alaikum Gwaggo. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ina da yaro ɗan shekara 16, shi ne babba a ɗakina, yana aji biyu na babbar sakandare. Tun yana ɗan shekara 13 mahaifinsa yake ɗora shi a kan sitiyari a filin makaranta, yanzu kuwa har Wudil yake aikensa da mota. Da Sallar da ta wuce ya kwashi abokansa biyar suka tafi yawon Sallah, ba su dawo ba sai bayan isha'i, ni kuwa ina zaune hantar cikina tana kaɗawa. Yanzu maigidan ya ce ya sami wanda zai yi wa yaron lasisi, za a je kotu a yi takardar rantsuwa a mayar da shekarunsa 19, don 'yan Rod Sefti su daina tare shi. Da na yi magana sai ya ce so nake in mayar da yaro rago, ai shi ma a shekarun nan ya fara tuƙi. Gwaggo, tsorona ne ya yi yawa?

Uwar yaro, Gaya Kudu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsoronki bai yi yawa ba, kuma doka ta goyi bayanki. A Najeriya ba a ba kowa lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18. Takardar koyo ma, wadda ake kira lana, ba a yanka wa wanda bai kai ba. Duk ranar da ɗanki ya hau titin Wudil da mota laifi yake yi, wanda ya miƙa masa makullin kuwa ya fi shi ɗaukar alhaki.

Maganar lasisin nan ita ce ta fi gaggawa, don haka da ita zan fara. Mutumin da ya yi wa maigidanki alkawari ɗayan biyu zai yi. Ko dai ya kawo kati na bogi, mai hoto da lamba, wanda ba ya cikin kundin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ranar da aka duba lambar a kwamfuta sai laifi ya zama biyu. Ko kuma ya bi ta ƙofar ofis da shekarun ƙarya. To, tun ƙarshen 2020 ba a yin lasisi sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, ita kuma tana ɗauke da ranar haihuwa. Kafin a yi wa yaro lasisi da shekara 19 sai an taɓa kundin NIN ɗin. Da wannan lambar ce zai yi rajistar JAMB, ga kuma takardun makarantarsa da na jarrabawa suna faɗin wata ranar dabam. Iyaye da yawa sun yi ta zarya tsakanin ofisoshi saboda irin wannan saɓanin, wani lokaci har yaro ya rasa gurbin karatu. Sannan shekara ukun da za a ƙara masa yau, daga gabansa aka yanko su. Ana ɗaukar kuratan 'yan sanda daga shekara 18 zuwa 25. Wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa. Kowane aiki da yake da iyakar shekaru, ƙofarsa za ta rufe wa ɗanki shekara uku kafin ta rufe wa sa'o'insa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rantsuwar. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi a rantse a kan abin da su biyun suka san ƙarya ne. Yaro ba ya manta irin wannan rana. Gobe in ya yi muku ƙarya a kan inda ya kwana, da wane baki mahaifinsa zai yi masa faɗa?

Na san abin da maigidanki yake gani. Yana ganin yaro yana sa giya ba gargada, yana ribas ya shige gareji ba tare da ya gogi bango ba, sai zuciyarsa ta cika da alfahari. Hannu da ƙafa suna koyon mota da wuri, ɗan shekara 13 ma yana iyawa. Abin da ba ya zuwa da wuri shi ne lissafi: sanin cewa akuyar da ta tsallaka tana da 'ya a bayanta, sanin cewa mai babur ɗin da ke gabanka zai karya kwana ba sigina, da iya haƙuri a bayan tirela minti goma ba tare da ka leƙa ba. Likitoci sun tabbatar cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke auna haɗari ya danne zumuɗi ba ya gama nuna sai mutum ya doshi shekara 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Ki tuna yadda hanyar nan take ranar Juma'a da yamma, in kasuwar Wudil ta tashi. Manyan motoci sun yi lodin shanu, masu babur sun ɗauro awaki da buhuna, amalanken shanu tana tafe a gefen kwalta ba fitila ba komai, magariba ta kawo kai, ga hazo in lokacin hunturu ne. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Kafin yaro ya juya ya amsa wa abokinsa magana ya dawo da idonsa, ya wuce tsawon gidaje biyu bai ga komai ba. In kuma ya ninka gudu, nisan da birki zai ja kafin mota ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Abokai biyar ɗin nan da kika ambata su ne suka fi tayar min da hankali. Yaron da yake tuƙi a natse in yana tare da babansa, shi ne yake taka totur in sa'o'insa suna yi masa kirari a baya. Shi ya sa ƙasar New Zealand tun 1987 ta mayar da lasisin matasa hawa-hawa, jihohin Amurka ma suka bi. Can ana barin ɗan shekara 16 ya yi tuƙi a wurare da yawa, amma sai ya yi watanni da babba a gefensa, bayan nan a hana shi tuƙin dare da ɗaukar sa'o'insa har sai ya ƙara gogewa. Ɗanki kuwa a rana ɗaya ya haɗa dare da abokai da cunkoson Sallah.

Da ya ce shi ma a shekarun nan ya fara, gaskiya ya faɗa, Allah kuma ya tsare shi. Amma ki tambaye shi cikin ladabi ya lissafa waɗanda suka fara tare. Akwai waɗanda ba su nan balle su ba da nasu labarin.

In abin da ba a fata ya faru, kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biya tunda wanda ke tuƙin ba shi da halastaccen lasisi. In rai ya salwanta, ga hukuma, ga maganar diyya a kan dangi, ga kaffarar kisan kuskure, azumin wata biyu a jere. Ko an yafe, yaro ɗan shekara 16 zai rayu da hoton abin a idonsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko dukiyar maraya ba a damƙa masa don ya balaga kawai, sai an jarraba shi an ga hankalinsa ya zauna. In haka ake yi da kuɗi, ina ga abin da zai iya ɗaukar ran ɗan wani?

Kada ki yi wannan magana a gaban yaron, kada kuma ki yi ta lokacin da makulli yake hannunsa. Ki sami maigidan yana cikin nishaɗi, ki fara da yaba masa yadda yake jan yaron a jiki, domin uba nagari ne yake yin haka. Sannan ki kawo maganar NIN da takardun makaranta, ita ce za ta fi saurin shiga kunnensa. In ya ƙi, ki kai wa wansa ko limamin da yake jin nauyinsa. Ki kuma zo da abin da za a maye gurbi da shi, don kada yaro ya ji an ƙwace masa girma: cikin shekara biyun nan shi ne mai duba mai da ruwa da iskar taya kowace safiya, shi ne mai zama a gaba yana karanta wa mahaifinsa alamomin hanya, ranar da ya cika 18 kuma mahaifinsa da kansa zai kai shi makarantar koyon tuƙi. Kafin nan makulli ya bar kan talabijin ya koma aljihun mai shi.

Yaron mota ne ni, an yi min alkawarin Sharon

Gwaggo barka da aiki. Abokina ne ya rubuta min wannan a waya. Shekarata 17, na shekara huɗu ina bin mota, muna lodin Ajingi zuwa Gaya, wani lokaci har Kano. Ni nake wanke ta, ni nake juya ta a tasha, in ogana ya gaji a hanya ni yake ba wa. Wani Alhaji ya ce zai ba ni Sharon in riƙa kawo masa balas kullum in na samo lasisi. Babana ya rasu, ni nake ciyar da innata da ƙannena uku. An ce min ba a ba da lasisin haya sai mutum ya shekara 26. Gaskiya ne? To kafin nan me za mu ci?

Ɗanki, daga Toranke

Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya yi maka albarka da wannan nauyi da ka ɗauka. Gaskiya aka gaya maka. Lasisi aji-aji ne. Aji A na babur ne, aji B na ƙaramar motar gida ce, su ne ake samu daga shekara 18. Na ɗaukar fasinja da manyan motoci sai an kai 26, kuma ana neman takardar likita.

Na san za ka ce tasha cike take da direbobin da ba su kai haka ba. Haka ne, ina ganinsu. Ina kuma ganin abin da balas yake yi musu. Wanda aka yanka wa kuɗin da zai kawo kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, shi ne yake cusa mutum biyu a kujerar gaba, ya danna wasu a but, ya yi tsere da ɗan'uwansa don ya riga shi fasinjan gaba. Shi ne yake ƙara sawu ɗaya bayan isha'i idonsa na rufewa, daga nan wani ya miƙo masa ƙwaya ya ce tana kore barci. Dattijon direba yana iya cewa mai mota yau ba ta samu ba. Kai da kake da baki huɗu a gida suna jira, kuma kake jin an yi maka alfarma, ba za ka iya ba. Ranar da aka sami matsala, motar Alhaji gareji za a kai ta a gyara, kai ne za ka kwana a ofishin 'yan sanda, innarka kuma ta rasa mai kawo mata cefane.

Ba cewa nake ka bar harkar mota ba. Sana'arka ce, ka kuma fara ta daga inda manyan direbobi suka fara. Saura shekara ɗaya ka cika 18. Ka fara da gyara takardunka da shekarunka na gaskiya. In ba a yi maka takardar haihuwa ba, Hukumar Ƙidaya tana ba da takardar shaida, da ita za ka yi NIN. Da ka cika, ka shiga makarantar tuƙi ko da kana ganin ka fi malamin iyawa, domin ba a shiga layin lasisi sai da takardarsu, kuma za ka tarar akwai dokokin hanya da ba a koyar da su a tasha. In Alhajin nan da gaske yake son ci gabanka, ka roƙe shi ya biya maka kuɗin makarantar. Amsar da zai ba ka za ta nuna maka ko kai yake so ko balas.

Da lasisin aji B za ka iya zama direban gida ko na wata ma'aikata mai ƙaramar mota, albashi a ƙarshen wata, ba mai tsaya maka a ka da yamma. Masu neman direba sun fi neman natsattse mai amana a kan gwanin gudu. Sauran lokacinka ka raba shi biyu. Ka liƙe wa bakanike ka san cikin inji, domin direban da ya iya gyara ba ya kwana a daji kuma ba a cutarsa a gareji. Sannan ka shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma. Ka ce abokinka ne ya rubuta maka, ina so wasiƙa ta gaba ta zo da hannunka. Allon hanya, takardun mota, takardar yarjejeniya da mai mota, duk karatu suke so.

Abu ɗaya zan roƙe ka tun daga gobe. In ogan naka ya gaji a hanya, a faka a gefe ya runtsa, ko ya ba wani direba mai lasisi. Kada ka karɓi sitiyari da fasinja a ciki. Nauyin gidan kuma ba naka ba ne kai kaɗai, innarka ta yi wa baffanninka magana, haƙƙin marayu yana wuyansu.

Baffa ya ce mace ba ta tuƙi a gidanmu

Salam Gwaggo. Shekarata 19, ina karatu a jami'ar Wudil. Mahaifinmu ya rasu bara ya bar mota, tana nan a rufe da tamfol. Mama tana da hawan jini da ciwon suga, duk wata sai an kai ta asibiti, wani lokaci cikin dare jikin yake tashi mu yi ta neman mai mota. Ƙannena maza ƙanana ne, babbansu shekararsa 12. Ina so in koyi tuƙi, Mama ta yarda, amma Baffa ya ce ba a taɓa yi ba a gidanmu, gara a jira ƙanena ya ɗan tasa. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da Baffa?

'Yarki, daga Gaya

'Yata, Allah ya ji ƙan Abba, ya ba Mama lafiya. Dokar lasisi ba ta bambanta mace da namiji ba, shekaru take tambaya, ke kuma kin kai. Ƙanenki sai nan da shekara shida, ciwon Mama kuwa ba zai jira ba. Abin da nake tsoro ma shi ne "ya ɗan tasa" ɗin nan ya zama shekara 14 ko 15, a bar wadda doka ta yarda da ita a ɗora wanda ba ta yarda da shi ba.

Hukumomi uku ne suke da hannu a lasisi: Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO masu gwada direba, da hukumar tara haraji ta jiha. Farko ki nemi makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita. Ki tabbatar da haka a ofishinsu kafin ki biya ko kwabo, don ba kowace mota mai allo a ka ce take cikin kundinsu ba. Makarantar za ta sa sunanki a kwamfuta, a yanka miki takardar lana, ki yi darasi 26 tsakanin na aji da na kan titi. Muddin kina lana, sai an liƙa jan harafin L a gaban mota da bayanta, sai da mai lasisi a gefenki, kuma ba a ɗaukar fasinja. Kada ki ji kunyar harafin nan, shi yake sa mai tifa ya ba ki tazara. In kin gama, makaranta za ta ba ki takardar shaida ta tura ki wurin VIO su gwada ki. In kin ci, ki cike fom a intanet da lambarki ta NIN, ki biya a banki. A farashin da ya fara aiki a watan Yunin 2025, lasisin mota na shekara uku naira 15,000 ne, na shekara biyar 21,000, kuɗin makaranta dabam. Daga nan sai cibiyar lasisi, a gwada idonki, a ɗauki hotonki da zanen yatsunki. Ana iya ba ki na wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Duk wanda ya ce ki kawo hoto da kuɗi ki zauna a gida ya kawo miki, ki gode masa ki wuce.

Ranar da kati ya shigo hannunki ba ranar da kika zama direba ba ce. A Ingila, sabon direban da ya tara maki shida na laifi cikin shekara biyun farko ƙwace lasisin ake yi ya koma lana, saboda an san lokacin ne ya fi haɗari. Ke ki kafa wa kanki matakai. Watannin farko ki tsaya cikin gari da rana, daga gida zuwa asibiti, da babba a gefe. In hannunki ya faɗa, ki hau hanyar Wudil da safe, ba ranar kasuwa ba. Cikin Kano, da shataletalenta da 'yan Adaidaita Sahu da 'yan Karota, ki bar shi sai daga baya. Tunda dare ne ya fi damun ku, ki koyi tuƙin dare da gangan tare da wanda ya iya, kan hanyar asibitin da za ki riƙa bi, kada ya zama daren da Mama take kwance a baya shi ne darenki na farko. Ƙa'idar gudu kilomita 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya. Waya ta zauna a jaka, amma ki adana lambar 122, ita ce ta kiran 'yan Rod Sefti in an yi haɗari. Ƙawayen makaranta kuma su yi haƙuri da rage hanya sai kin shekara.

Motar da ta shekara a rufe sai bakanike ya duba ta, musamman taya da birki da batir. Akwai kuma abin da ya riga wannan: motar gado ce. A tabbatar an raba, an san rabon wa ta faɗa, ko magada sun yarda a bar ta don hidimar Mama. A sabunta takardunta da inshora.

Baffa kuwa, a matsayin uba yake, kada ki ja da shi kuma kada ki koya a ɓoye. Sau da yawa abin da dattijo yake tsoro shi ne bakin mutane da kuma wanda zai zauna kusa da 'yarsa a mota. Ki cire masa na biyun: a nemi makarantar da take da malama mace, in ba a samu ba ƙanenki ya riƙa raka ki makarantar. Na farkon kuma, Mama ce za ta yi magana, ko wata gwaggonku da yake jin maganarta, a ba shi labarin daren da aka yi ta buga ƙofofi ana neman mota. Mata suna tuƙi a Kano shekara da shekaru, malamai da likitoci da matan malamai, da hijabinsu da mutuncinsu. Saudiyya ma ta buɗe wa mata tun watan Yunin 2018. Ki roƙe shi ya zama shi ne mai zama a gefenki in kin fara fita. In ya ga an sa shi a gaba, zai yi wuya ya tsaya a kan bakansa.

Babur fa?

Gwaggo, ina gaisuwa. Makarantar ɗana tana da nisa da ƙauyenmu, shekararsa 14. Ina so in saya masa babur ya riƙa zuwa, ya kuma ɗauki ƙanwarsa. Ai babur ba mota ba ne, ko shi ma sai da lasisi?

Manomi, daga Gurduba

Malam, ina amsawa, sannu da ƙoƙarin karatun yara. Shi ma sai da lasisi, aji A, kuma shekarun dai 18 ne. Na shekara uku naira 7,000 ne a farashin 2025. Na san a karkara babur shi ne ƙafar mutane. Hana acaɓa da aka yi a 2013 cikin birni ya tsaya, a ƙauyuka kuwa da shi ake zuwa gona da kasuwa da asibiti, har ido ya saba da ganin yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba yana tuƙa shi. Sai dai babur ya fi mota rashin yafiya. Mai mota yana da ƙarfe a kewaye da shi, mai babur kuwa kansa ne yake fara isa ƙasa. Yashi kaɗan a kwana ko rami bayan ruwan sama ya isa, ga yarinya a baya wadda ba ta da abin riƙewa sai rigar yayanta. Tun Janairun 2009 aka wajabta hular kwano ga mai tuƙi da wanda aka goya, amma ka duba ƙofar makarantar ka ƙirga yara nawa suke da ita.

Kuɗin babur ɗin zai sayi kekuna biyu masu kyau har a yi canji. In nisan ya fi ƙarfin keke, ku haɗu ku iyaye uku ko huɗu ku yi jinga da magidanci mai babur ko mai Adaidaita Sahu wanda kuka san halinsa, ya kai su ya ɗauko su, ku biya shi duk wata. In akwai dangi kusa da makarantar, yaran su riƙa kwana can daga Lahadi zuwa Alhamis. In ma ka riga ka yi cinikin babur ɗin, ka riƙe shi a hannunka ka riƙa kai su da kanka kafin ka wuce gona, da hula a kan kowa.